Rumfar Baba mai keke, inda aka shirya mini keken hawan duwatsun Buza

Duk wanda ya ga keken nan nawa mai lanƙwasasshen kai sai ya tsayar da ni ya tambaya wa ke gyara mini shi a Maradi. Wani dattijo ne mai rumfa a bakin titi cikin Sabon Gari, ba nisa da babbar kasuwa. Rumfar ba ta da allo. Kwano ne guda huɗu bisa itace, da benci, da tasar ruwa ta neman huda, da wani tsohon akwatin ƙarfe da yake zama a kai. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka. Shekara biyu ke nan ina kai masa aiki, kuma ina ganin ya isa in faɗi abin da na gani, da daɗinsa da akasinsa.

Keken na hannu ne, daga Turai aka shigo da shi. Irin wanda aka ƙera don hanyar burji da tsakuwa ne: kansa kamar na keken tsere, amma tayarsa mai faɗi ce, milimita 40, birkinsa na faifai, ga giya ta hawan tudu. Ranar da na fara zuwa wajen Baba, da taya sabuwa na je a hannuna, raina a ɓace. Na sayo ta a kasuwa, mai shagon ya ce lamba 28 ce, nawa ma 28 ne, amma ta ƙi zama bisa rim ɗin, sai lilo take yi. Baba bai ce komai ba. Ya lashi yatsa ya goge ƙurar gefen tsohuwar tayata, ya nuna mini wasu ƙananan lambobi, 40-622. Sannan ya juya sabuwar ya nuna mini 635.

"Ɗana, wagga ta keken Phoenix ce. Sunansu guda, amma ba uwarsu ɗaya ba."

Lambobin nan, 622 da 635, awon faɗin rim ɗin da tayar ke zama a kai ne. Milimita 13 ne tsakaninsu, kuma su ne suka sa na yi asarar yini guda. Ya aiki yaronsa ya mayar da ita, aka karɓo mini kuɗina. Tun ranar ban ƙara sayen ko da bawul ba sai na tambaye shi.

Abin da ya sa na riƙe shi da gaske kuwa ƙaya ce. Wanda bai taɓa barin kwalta da keke a ƙasarmu ba bai san tsaidau ba. 'Yar ƙaramar ƙaya ce mai ƙahoni, tana kwance cikin rairayi, ko ta ina ta faɗi akwai tsini guda da ke kallon sama. Fitata ta farko, na bi ta Tibiri na ratsa gonaki zan dawo ta bakin Gulbi, sau huɗu ina faci, sholishona ya ƙare, na turo keken har gida bayan isha'i. Turawa suna zuba wani farin ruwa cikin taya mai toshe huda da kansa, amma a nan samunsa wuya, kuma zafinmu na busar da shi cikin 'yan watanni. Dabarar Baba daban ce. Ya ɗauko tsohuwar tayar keken tsere, ya yanke wayar bakinta duka biyu da reza, ya zauna yana goge gefen da dutse har ya yi laushi kamar bakin fata, don kada ya ci tib ɗin. Sannan ya shimfiɗa ta cikin tayata, ya barbaɗa hoda, ya mayar. Aikin ya ci kusan awa biyu a ƙafa ɗaya. Keken ya ƙara nauyi, ana ji idan za a tashi, ban ɓoye wannan ba. Amma daga huda huɗu a yini na koma sai in yi wata biyu ban buɗe taya ba.

Maradi dai shimfiɗe take. Hawan da muke da shi bai wuce wanda ke tasowa daga kwarin Gulbi zuwa tudun da aka mayar da gari bayan ambaliyar 1945 ba, kuma kafin ka yi gumi ya ƙare. Akwai hanyoyi masu daɗi duk da haka. Ta wajen tafkin Madarunfa da sassafe, bayan kaka, lokacin da ƙasa ba ta gama sakin danshi ba, ƙarƙashin gawo da kalgon da manoma suka bari a gonaki, babu abin da ya kai ta. Iyakata tafkin. Kudu da nan, wajen dajin Baban Rafi da bakin iyaka, ba na zuwa, kuma ba na ba kowa shawarar zuwa, saboda halin tsaron da kowa ya sani.

Duwatsu nake so, su kuwa suna Adar. A watan Janairu mu uku muka ɗora kekunanmu bisa mota zuwa Madawa, tafiyar sama da kilomita 150, da niyyar mu nufi Buza mu bi hanyoyin ƙauyuka. Da na gaya wa Baba, sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ashe da ƙuruciyarsa ya yi fataucin albasa da keke a wannan yanki. Ya ce in bar masa keken kwana biyu.

Na zauna na kalli wani sashe na aikin. Ya kifa keken, ya riƙa kaɗa wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya da bayan sukudireba, kunnensa a kusa, kamar mai gyaran gurmi. Wadda ta yi ƙara ƙasa-ƙasa sai ya ɗan murɗa ta, rubu'in juyi kawai, ya sake kaɗawa. Ya buɗe boris na gaba da na baya, ya wanke da kananzir, ya jera 'ya'yan bisa farin tsumma yana duba su a rana, ya fitar da biyu da suka yi tabo. Sarƙar kuma ya wanke ta tas, ya ɗiga mai kaɗan, ya goge har ta kusa bushewa. Na ce, "Baba, ba a ƙara mai ba?" Ya ce mai da ƙurar burji in suka haɗu sun zama dutsen niƙa, su za su cinye haƙoran giya. Ya kuma ce in na shiga yashi in rage iska, in na fito kan duwatsu in mayar, don in iska ta yi ƙasa da yawa dutse zai matse tib da rim ya yi huda biyu a jere kamar saran maciji. Abu na ƙarshe da ya faɗa shi ne iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka mu fita muna fuskantarta da safe da sauran ƙarfinmu, ta turo mu a dawowa.

Hawan farko ba zan manta da shi ba. Hanyar jakai ce ta bi gefen tsauni, cike da jajayen duwatsu masu baƙi-baƙi, kowane kamar dunƙulen hannu. Na sa giya mafi sauƙi, na zauna daram bisa sirdi, don da zarar ka miƙe tsaye tayar baya sai ta zame. Ina jin numfashina da ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya, ba wani abu. Wasu yara da jaki ɗauke da jarkoki suka ja gefe suka ba mu hanya, babban cikinsu yana cewa "sannunku da ƙoƙari". Da muka kai sama sai fako, shimfiɗe kamar faranti, an haƙa masa ramukan rabin wata jere-jere don tare ruwan sama, da 'yan itatuwa a cikinsu. Daga bakin tsaunin kwarin Majiya ya buɗe a gabanmu. Layukan dogon yaro ne biyu-biyu suka ratsa kwarin, tazararsu kusan mita 100, waɗanda aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar agaji ta CARE don kare gonaki daga iska. Na sha jin labarinsu, amma ganinsu daga sama, kore a tsakiyar rani, ya sa na daɗe tsaye ban ce uffan ba.

Gangara ta fi hawa gwada aikin mai gyara. Ga gargada, ga duwatsu masu gudu ƙarƙashin taya, hannu har ya mutu saboda riƙon birki. Abokina guda, wanda bai kai nasa keken an duba ba, wayoyi biyu suka tsinke masa a ƙafar baya, rim ya karkace yana gogar ƙarfe, sai da muka nemi mai gyara a wani ƙauye ranar kasuwa. Nawa ko motsi bai yi ba. Cikin kwana uku huda ɗaya na samu, ita ma ƙayar aduwa ce mai tsawon ɗan yatsa ta shiga ta gefe, inda shimfiɗar Baba ba ta kai ba.

Akwai inda rumfar ta gaza. Baba ba ya cika alkawarin lokaci. In ya ce la'asar, ka zo gobe da hantsi, don mai amalanke ko ɗan makaranta in ya zo da faci ba ya iya cewa ya jira, sai ya ajiye naka. Ba shi da kayan irin waɗannan kekuna. Takalmin birkin faifai, da sarƙa siririya, da tib mai siririn bawul, duk sai ka yi saƙo Kano ko Yamai ka kawo masa. Birki mai aiki da mai kuwa ba ya taɓawa sam, kuma ya faɗa da bakinsa. Sau ɗaya kuma yaronsa, da kyakkyawar niyya, ya shafa wa faifan birkina mai don ya ji yana ƙara. Na hau, na zo mararraba na matsa, keken ya wuce abinsa, Allah ne ya tsare babu mota. Na koma raina a tashe. Baba ya saurare ni har na gama, ya ce laifinsa ne da bai koya wa yaron ba, ya wanke faifan da hannunsa, ya goge takalman da takarda mai ƙaiƙayi. Ba su dawo daidai ba, sai da na sa sababbi, ya kuma ƙi karɓar kuɗin aiki har sau biyu bayan nan. Yanzu yaron ba ya kusantar faifai da mai, na gani da idona.

Kuɗinsa ba ya da yawa. Faci dala ashirin ne, shirin tafiyar Buza gaba ɗaya jikka biyar ya karɓa, har da shimfiɗar taya sabuwa a ƙafar gaba. Yana buɗewa da hantsi ya tashi da magariba, ranar Juma'a kuma ba ya dawowa bayan masallaci. Yanzu haka kekena yana wajensa, mun sa ranar zuwa Keita, ita ma can cikin Adar, in sanyi ya shigo, kuma ya ce ba zai sake shi ba sai sarƙar da na yi saƙo ta iso.