Wane Littafin Tarihin Katsina da Daura Ya Kamata Ka Fara Saya?

Littattafan tarihin Nijeriya da ake karantarwa a makarantu sukan ba Katsina shafi ɗaya ko biyu, su ambaci Daura a kan labarin rijiyar Kusugu, daga nan su wuce. Wanda ya tashi a Gambarawa ko Rafindadi ko Masanawa, yana wuce hasumiyar Gobarau kullum, wannan ɗan taƙaitaccen bayani ba zai kashe masa ƙishirwa ba, domin tambayoyinsa sun fi haka kusa da gida. Yana son ya san su wa suka kafa unguwarsu, da dalilin da ya sa sarautar Durɓi da ta Ƙaura suke da girman da suke da shi, da yadda aka yi 'yan uwansa Katsinawa suka kafa wata sarauta a Maraɗi. Irin waɗannan tambayoyi su ke kai mutum ga ƙananan littattafai na tarihin gari da al'ada da wasanni, kuma a nan ne mai saye yake shiga ruɗani, saboda littafin da malamai suke yawan ambato ba kasafai ake ganinsa a kanta ba, wanda kuma ya cika kanta sau da yawa ba a san inda marubucinsa ya samo labarinsa ba.

Ga mai karanta Turanci wanda yake son tarihin Katsina da gaske, ban ga abin da zan sa gaba da littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ba, wato The Transformation of Katsina 1400-1883, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981. Marubucin ɗan ƙasa ne, haifaffen Musawa, kuma ya haɗa rubuce-rubucen Larabci da hirarrakin da ya yi da dattawa a garuruwa, ya bi diddigin yadda sarauta da kasuwanci da malanta suka sauya tun daga zamanin Muhammadu Korau har bayan jihadi. Darajarsa ga mai saye ita ce yana nuna maka inda ya samo kowace magana, don haka idan ka yi shakkar wani abu kana da hanyar bi ka tabbatar. Sai dai littafi ne mai nauyin karatu da aka rubuta domin masu nazari, kuma wanda yake neman labarin da zai karanta wa yara bayan sallar isha'i zai gaji tun a babin farko. Ga Daura kuwa, takwaransa shi ne The Affairs of Daura na M. G. Smith, wanda ya fito a Amurka a 1978. Smith ya mai da hankali ne ga tsarin mulki, wato sarautu da muƙamai da yadda ake gadonsu, da kuma yadda masarautar ta rabu bayan jihadi har aka sami gidajen sarauta a Zango da Ɓaure, kafin Turawa su maido da Malam Musa kan gadon Daura a 1906. Ya fi na Bala Usman bushewa, kuma ya fi wuyar samu, amma duk wanda yake son fahimtar jerin hakimai da masu riƙe da sarautun fadar Daura zai amfana da shi ƙwarai.

Akwai tsofaffin littattafan Turawan mulki da na matafiya da ake yawan sake bugawa, kuma su ne suka fi jan hankalin sabon mai saye saboda tsufansu yana sa a ɗauka cewa sun fi gaskiya. Heinrich Barth ya shigo Katsina a 1851, ya sake dawowa a 1853, ya kuma rubuta abin da ya gani na girman ganuwa da sunayen unguwanni da yadda birnin ya ragu da mutane bayan kasuwanci ya karkata Kano. Shaidar ido ce mai daraja a kan abin da ya gani, amma abin da ya ji a bakin mutane a 'yan kwanakin da ya yi ba ya da wannan ƙarfin. H. R. Palmer ya tara jerin sarakuna da labaran asali ya buga su a Sudanese Memoirs a 1928, kuma yawancin marubutan baya daga wurinsa suka kwasa. Abin lura game da Palmer shi ne ba ɗan kallo ba ne a siyasar ƙasar nan, domin yana cikin waɗanda suka tsaya aka naɗa Sarki Muhammadu Dikko, kuma yana da ra'ayin danganta asalin duk wani abu mai kyau da baƙi daga gabas ko arewa. A sayi waɗannan a matsayin littafi na uku ko na huɗu, bayan mutum ya sami ma'aunin da zai auna su da shi. Wanda yake son taƙaitaccen tarihin masarautu da yawa a wuri guda, littafin Hogben da Kirk-Greene na 1966 a kan masarautun Arewa zai wadatar da shi, ko da yake shi ma da idon gwamna da razdan yake kallon abubuwa.

Mafi yawan masu saye a garuruwanmu da Hausa suke son karatu, kuma a nan zaɓin ya kasu biyu. Akwai tsofaffin bugun Zariya, waɗanda suka samo asali daga Hukumar Fassara, suka biyo ta Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, har zuwa kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, da ya gaje su a 1966. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda ya fito cikin juzu'i biyu a farkon shekarun 1930, yana cikin wannan rukuni, kuma fassara ce ta tsofaffin rubuce-rubucen Larabci zuwa Hausa mai daɗi da tsabta. Hausar waɗannan littattafai kaɗai ta isa dalilin saye, domin an tace ta, an kuma kula da ƙa'idar rubutu. Rauninsu shi ne sun tsaya inda ilimin zamaninsu ya tsaya, ba za ka ga abin da aka gano daga baya ba, kamar kayan da aka tono a kaburburan Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani a 1992.

Rukuni na biyu shi ne littattafan da 'yan gari suke rubutawa su buga da kuɗinsu, tarihin wata gunduma, ko na gidan wani hakimi, ko na wani malami, ko wanda aka shirya domin bikin cikar sarki wasu shekaru a kan gado. Ina ƙaunar waɗannan littattafai, kuma ina ganin an raina su fiye da kima. A cikinsu ne kaɗai za ka sami kirarin wani dagaci, da sunan rijiyar da ta ƙafe, da jerin limaman wani masallaci, da hotunan da ba su taɓa fita daga akwatin iyali ba. Sau da yawa marubucin tsohon malamin makaranta ne ko ma'aikacin En'e da ya zauna da dattawan da yanzu ba su da rai, kuma abin da ya rubuta shi ne kaɗai abin da ya rage na bakinsu. Ana buga su kaɗan, a raba a wurin ƙaddamarwa, daga nan sai su ɓace, saboda haka wanda ya ga irinsu a kan garinsu bai kamata ya ce sai wani jiƙon ba. Amma a nan ne kuma aka fi bukatar buɗe ido, domin littafin da aka rubuta don a faranta wa mai sarauta rai yakan tsallake rigimar gado, ya tsawaita salsalar gida har ta kai Bagadaza ko Yemen ba tare da hujja ba, ya kuma cika rabin shafukansa da hotunan manyan baƙi da saƙonnin taya murna. Kafin ka biya, ka duba ko marubucin ya faɗi sunayen waɗanda ya yi hira da su, da garuruwansu, da lokacin hirar. Idan ya faɗa, to ko Hausarsa ba ta da armashi littafin ya cancanci kuɗinsa. Idan kuwa kowane sakin layi da "an ce" ya fara, ba a san mai cewar ba, sai ka ɗauke shi a matsayin abin tunawa da biki kawai.

Wata hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka buɗe inda littafin ya yi maganar da ka san ana saɓani a kanta. Labarin Bayajidda da Daurama shi ne misali mafi kusa. A Daura labari ne mai rai da fada take riƙe da shi, rijiyar tana nan ana ziyarta, yayin da malaman tarihi irin su Abdullahi Smith da Bala Usman suka nuna shakka a kan ɗaukarsa a matsayin bayanin asalin Hausawa baki ɗaya. Marubuci nagari zai kawo labarin da mutuncinsa kamar yadda Daurawa suke ba da shi, ya kuma sanar da kai cewa akwai masu wata fahimtar. Haka abin yake game da jihadin Shehu a Katsina. Littafin da ya dogara da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zai ba ka labarin ta ɓangaren Ummarun Dallaje da abokan tutarsa, amma Katsinawan da suka fita suka kafa Maraɗi suna da nasu labarin, kuma an tattara shi an buga a Nijar, wani da Hausa wani da Faransanci. Wanda yake da hanyar Maraɗi ta Jibiya ya kamata ya nemi ko da guda ɗaya daga can, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ba za a fahimci yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 a wannan yanki da bakin ɓangare guda ba. A kula kuma da shekarun sarakunan kafin jihadi, waɗanda suke saɓawa daga littafi zuwa littafi. Marubucin da ya ba ka shekarar hawan Korau kamar wanda ya halarci naɗin, ba tare da ya ce ƙiyasi ne ba, ya nuna maka yadda zai riƙe sauran labarin.

Ɓangaren al'adu da abubuwan sha'awa ya fi ƙarancin kaya. Katsina gari ne na doki, Sarki Dikko ya shigo da wasan folo, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa, hawan Sallah na Katsina da na Daura kuma sun yi suna, amma mai neman littafin Hausa sukutum a kan kiwon doki ko kayan ado na hawa zai sha yawo. Haka mai sha'awar dambe ko farauta ko dara ko kiwon tattabaru. Abin da aka rubuta a kan waɗannan yawanci yana kwance ne a kundayen digiri na sassan Hausa, a Zariya da Kano da Sakkwato da kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan Katsina, kuma ziyarar ɗakin karatun sashe ta fi sayen littafin ƙasar waje amfani, domin littafin kiwon doki da aka rubuta don sanyin Ingila bai san harawa da dusa da kanwa ba, bai kuma san zafin bazararmu ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana da amfani a nan fiye da yadda ake zato, saboda ya tara sunayen launukan dawaki da kayan sana'o'i, yana kuma nuna kalmar da Katsinanci ce. Mai sha'awar kiɗa ya fi sa'a, domin akwai Shata Ikon Allah! na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006 a kan rayuwar mawaƙin da aka haifa a Musawa aka kuma binne shi a Daura a 1999. Ƙananan littattafan magungunan gargajiya da ake sayarwa a bakin masallatai da tashoshi kuwa, a karanta su don sanin sunayen itatuwa da al'adar amfani da su, kada a mai da su takardar likita.

Saura maganar siffar da za a sayi littafin a cikinta. Bugu na asali, ko da gwanjo ne, ya fi komai, musamman idan ɗinkakke ne da zare, domin wanda aka manna da gam yakan fara zubar da shafuka da zarar hunturu ya busar da shi. Fotokwafi yakan zama dole ga littafin da ya ƙare a kasuwa shekaru da dama, amma a ƙirga shafukansa kafin a biya, a kuma duba taswirori da jadawalin salsalar sarakuna, saboda su ne masu kwafi suka fi tsallakewa ko su yanke gefensu, alhali a littafi irin na M. G. Smith su ne rabin amfaninsa. Littafin Barth da sauran waɗanda suka tsufa sosai ana samunsu kyauta a intanet ta hanyar halal, don haka babu dalilin kashe kuɗi mai yawa a kansu sai ga mai son ajiya. Amma littafin ɗan gari da marubucinsa yake raye, wanda ya buga da kuɗin fanshonsa, tura hotonsa a WhatsApp cin haƙƙi ne, kuma yana cikin abin da ke hana a sake buga irinsu.

Wanda kuɗinsa na littafi biyu ne kacal, shawarata ita ce ya sayi ɗaya na bincike a kan masarautarsa, na Bala Usman ga Bakatsine, na M. G. Smith ga Badauri, ya haɗa da ƙaramin littafin Hausa a kan gundumarsu ko unguwarsu wanda ya ambaci majiyarsa. Wanda ba ya karanta Turanci ya maye gurbin na farkon da tsohon bugun Zariya. Kafin a sayi mai tsada daga nesa, yana da kyau a fara leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da gidan adana kayan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ko Gidan Arewa a Kaduna ga mai hanyar can, a tambayi abin da suke da shi a kan garin da ake nema, a karanta babi ɗaya a zaune, sannan a yanke shawarar ko a aika kuɗin.