Yawon kwale-kwale a Yelwan Yauri da tarihin gwanayen tsere

Daga cikin matuƙan da ke tashar jiragen ruwa ta Yelwa, a masarautar Yauri ta Jihar Kebbi, akwai waɗanda ke ɗaukar baƙi su zaga da su a kan Kogin Kwara, tare da wani dattijo da ke ba da tarihin tseren kwale-kwale da na mazajen da suka yi suna a cikinsa. Na yi wannan yawo, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa, sai dai darajarsa kusan duka tana bakin dattijon ne, domin jirgin kansa bai fi sauran jiragen katako masu inji da ke jigilar 'yan kasuwa ba.

Dattijon tsohon ɗan tsere ne, Bagunge, wato ɗan ƙabilar Gungawa mutanen tsibiran kogin, kuma ya san ruwan kamar tafin hannunsa. Bai fara da sunayen gwanaye ba. Sai da ya bayyana mana cewa asalin abin da ake kira Rigata a yau, wato bikin tseren kwale-kwale na Yauri, kamar yadda aka gada daga bakin magabata, atisaye ne na mayaƙan ruwa da mafarautan dorina, waɗanda rayuwarsu ta dogara da saurin juya jirgi, sannan daga baya ya koma wasa da nuna bajinta a gaban sarki da manyan baƙi. Wannan shimfiɗa ta sa na fahimci dalilin da ya sa mutanen nan ba sa auna gwani da ƙarfin damtse kaɗai. A wajensu, gwani shi ne mai riƙe jirgi daga baya, wanda ya san inda ruwa ke gudu da inda yake kwance, ya san lokacin da zai bar masu filafili su huta da lokacin da zai sa makaɗi ya ƙara wuta. Ya nuna mana bambancin tsere a lokacin farin ruwa, wato ambaliyar damina mai laka, da na baƙin ruwa, wanda ke isowa daga can saman kogin a lokacin sanyi, kuma ya ce akwai gidajen da suka shahara a ɗaya amma ba su taɓa yin abin kirki a ɗayan ba.

Inda bayanin ya fi ratsa ni shi ne batun madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968. Tafkin da ta haifar ya shanye tsibirai da dama na Gungawa, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai a gaɓa. Dattijon ya sa aka rage gudu a wani fili na ruwa da ba a ganin komai a cikinsa, ya ce a ƙarƙashinsa ne garin da ya fi fitar da gwanaye yake, ya kuma rero kirarin biyu daga cikinsu da harshensu kafin ya fassara mana da Hausa. Da na ce masa, "Baba, ina aka rubuta sunayen nan?" sai ya amsa cewa suna cikin kansa da kan sa'o'insa. Wannan abin damuwa ne ƙwarai. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, shi ma yana da tseren kwale-kwale, kuma ya samu masu rubuta shi da ɗaukar hotonsa. Mazajen ruwan Yauri sun cancanci irin wannan kulawa tun masu riƙe da labarinsu suna raye.

An ɗan taɓo zuwan Turawa, wato wucewar Mungo Park kafin ya halaka a Busa a 1806 da zaman 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, a Yauri a 1830, amma a gurguje, kuma hakan ya yi daidai, tunda ba shi ne ya kawo mu ba.

Akwai gyara guda biyu da ba zan rufe ido a kansu ba. Rigunan kariya da ke cikin jirgin ba su kai yawan fasinjoji ba, wasunsu ma igiyoyinsu sun tsinke, kuma duk wanda ya tuna kifewar jirgin da ta auku kusa da Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021, inda rayuka masu yawa suka salwanta, ba zai ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu ba. Sannan ƙarar injin tana danne muryar dattijon, har wanda ke zaune a gaba yakan rasa rabin zancen, alhali zancen ne aka biya.

Ba a da tsayayyen farashi. Ciniki ake yi, kuma tsadar man fetur ce ke yanke shi. Mai niyyar zuwa ya fita da sassafe kafin iska ta tayar da igiyar ruwa, ya ƙirga rigunan kariya kafin ya taka jirgin, ya kuma sa a cikin sharaɗi cewa za a riƙa kashe inji a koma ga filafili duk lokacin da dattijon zai yi magana. Idan baƙo ya nemi izini, dattijon yakan yarda a naɗi muryarsa a waya.