Ƙarar boris ɗin kuloci ce ko ta cikin giyabos? Ga yadda ake raba su

Ɗan'uwa na ga tambayarka, kace motarka manuwal ce ta haura shekara 20, idan tana tsaye inji na silo kana jin wata ƙara kamar gurnani daga ƙasa wajen ƙafarka, bakanike ɗaya yace boris ɗin kuloci ne, ɗayan yace a'a giyabos ne sai an buɗe shi, kai kuma ka rasa maganar wa zaka ɗauka. Toh kafin kowa ya kwance maka noti ko guda ɗaya, ƙafarka ta hagu ita zata raba wannan gardamar, kuma ko minti biyar ba zai ɗauke ka ba.

Ka bari injin ya yi zafi tukuna, ka ja birkin hannu, ka sa giya a firi, ka kashe rediyo da fanka, ka sauke gilashi. Ɗauke ƙafarka gaba ɗaya daga kan kuloci ka saurara. Sannan ka taka shi a hankali har ƙasa, ka riƙe, kana sauraro.

Idan shiru ne lokacin da ƙafarka bata kai, amma kana fara takawa sai ƙarar ta taso, wani "shiiii" ko ƙugi kamar ƙarfe na gogar ƙarfe, wannan boris ɗin kuloci ne. Dalili kuwa shi aikinsa danna yatsun farantin kuloci, sai ka taka ne nauyi yake hawa kansa, idan giris ɗin cikinsa ya bushe a lokacin zai yi kuka. Idan kuma akasin haka ne, wato ƙarar tana nan ƙafarka na waje, ka taka har ƙasa sai ta mutu, toh ka fi zargin boris ɗin shaf ɗin da ke shigar da ƙarfin inji cikin giyabos. Shi wannan shaf ɗin muddin kuloci na haɗe juyawa yake tare da inji ko da kana firi, kana takawa ka raba su, sai ya rage gudu ya tsaya, ƙarar ma ta tsaya da shi.

Amma akwai wani wuri da mutane ke ruɗewa sosai, kuma ni kaina nan aka yi min kuskure. A motoci da yawa boris ɗin kuloci yana ɗan taɓa farantin ko baka taka ba, saboda haka zai iya yin ɗan tsiwa-tsiwa a silo, kana ɗora ƙafa kaɗan kawai, tun kuloci bai saki ba, sai ya yi tsit. Wannan har yanzu ɓangaren kuloci ne. Na cikin giyabos ba ya yin shiru da ɗan taɓawa, sai ka kai ƙasa, kuma ba ya ɗaukewa farat ɗaya, zaka ji yana lafawa a hankali cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu kamar fankar da aka kashe. Tawa haka take yi, na faɗa wa mai gyaran, yace kuloci ne kawai, aka sauke giyabos aka sa sabon saiti aka mayar, muna tada mota gurnanin nan yana nan daram yadda yake. Sai da aka sake saukewa karo na biyu, da aka ciro boris ɗin cikin giyabos ɗin na juya shi a hannuna ina jin yana ƙaras-ƙaras kamar an zuba masa yashi, har yau abin yana min ciwo saboda sau biyu aka yi aikin sauke giyabos, na farkon a banza.

Idan motarka irin mai filawil (babban faifan ƙarfen bayan inji da kuloci ke kamawa) mai ɓari biyu ce, shi ma idan ya saki yana kwankwasa a silo kuma ya yi shiru in an taka kuloci, sai dai shi kwaram-kwaram yake yi, an fi jinsa lokacin kashe inji, ba gurnani ba ne mai tafiya santal.

A kan hanya ma ba ɗaya suke ba. Boris ɗin kuloci babu ruwansa da giyar da kake ciki, lokacin canji kaɗai zaka ji shi. Na giyabos kuwa yana binka a tafiya, yana ƙaruwa idan ka ba ta wuta. A tsofaffin motoci masu ja da tayoyin baya, sau da yawa giya ta 4 kai tsaye take haɗa shaf ɗin shiga da na fita, toh idan ƙarar tana nan a 1, 2, 3 amma ka shiga 4 ta ragu sosai, wannan ƙarin shaida ce cewa matsalar tana ciki. Kada kukan ribas ya dame ka, haƙoran ribas a yawancin motoci miƙaƙƙu ne shi yasa yake wannan kukan tun mota na sabuwa. Idan kuma ƙarar gudun mota take bi ba gudun inji ba, kuma tana canzawa in ka karya sitiyari hagu ko dama, je ka duba boris ɗin taya, ka ƙyale giyabos.

Man giya shi ne shaida ta biyu, kuma shi na cikin kaɗai yake tonawa asiri tunda boris ɗin kuloci a waje yake, mai baya kaiwa gare shi. Ka fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kar ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi kwancewa. A yawancinsu man ya kamata ya kai bakin ramin, ka sa yatsa ka ji. Idan notin ƙasan yana da maganaɗisu, ɗan laushin toka-toka a jikinsa ba komai bane a tsohuwar mota, amma ɓarɓashin ƙarfe da zaka ji yana sukar yatsa, wannan boris ne ko haƙori yake ci. Ƙyalli ruwan zinare a cikin man kuma zoben tagullan sinkuro, wato masu daidaita gudun haƙora lokacin canjin giya, ne ke cinyewa. Wajen zuba sabo ka bi littafin motar, da yawa man giya nau'in GL-4 suke so kamar 75W-90, wasu ma man otomatik ake zuba musu, kar a ɗura maka GL-5 don kawai shi ne a kusa, yana iya cutar da tagullan nan. Sabon mai zai iya rage ƙarar idan da ma ƙasa ya yi, amma boris ɗin da ya riga ya ci baya dawowa.

Gyaran kuwa duka biyun sai an sauke giyabos, daga nan suke rabuwa. Na kuloci a bakin ƙofa aikin yake tsayawa, kuma tunda an riga an sauke gara ka canza faifan kulocin da farantin da boris ɗin gaba ɗaya, a duba sil ɗin bayan inji ko yana yoyo. Na ciki sai an tsaga giyabos ɗin, a fitar da boris da fires ba da guduma ba, a mayar da kowane washa inda yake, aiki ne na wanda hannunsa ya saba, ba kowa zan ba ba. Shi ne kuma baya son jinkiri, don ƙarfen da yake zubarwa mai ne ke kwasarsa yana zagayawa da shi cikin sauran boris da haƙora, gyaran abu ɗaya ya koma neman wani giyabos ɗin. Na kuloci zai ɗan ɗaga maka ƙafa in ka daina ɗora ƙafa a kan feda kana tafiya, kuma ka riƙa sa firi a tsayuwa maimakon riƙe kuloci a danne, amma ranar da ya cije zai cinye yatsun farantin, giya ta ƙi shiga.

Yadda ka kwatanta taka, gurnani a silo, zuciyata tafi karkata ga na ciki, sai dai baka faɗi abin da take yi ba idan ka taka kuloci har ƙasa. Gwada wannan da safe da kuma bayan ta yi zafi, ka faɗa min ko ɗaukewa take yi nan take ko lafawa take a hankali.