Buhu ko fangali: amsa ga mai son lambu a gidan haya

Wata 'yar'uwarmu ta kawo tambaya. Ta ce a gidan haya take a Kano, tsakar gidan duk siminti ne, sai wani ɗan zirin ƙasa da magina suka bari a jikin katanga, ta bayan ɗakin girki, wanda faɗinsa bai wuce taku biyu ba. Ruwa kuma saye take a wajen 'yan garuwa. Tana son tumatir, attaruhu, alayyahu da zogale. Shin ta cika buhuna da ƙasa ta jera a kan simintin, ko ta haƙe wannan zirin ta yi fangali irin na 'yan lambu?

'Yar'uwa, na yi duka biyun, kuma kowanne ya taɓa ba ni kunya. Bari in gaya miki inda kowanne ya fi, sai ki auna da gidanki.

Ta wajen ƙasa dai buhu ne a gaba. Ƙasar da ke cikin yawancin gidajenmu na birni ciko ce da aka zuba lokacin gini. Ranar da na sa yaro ya haƙa mini fangali, ga abin da fartanya ta dinga tonowa: ɓaraguzan bulo, dunƙulen siminti da ya daskare da siffar buhunsa, ledar fiya-wata ba adadi, silifas ɗin yaro wari guda, da tsofaffin batura uku da suka fashe. Da muka ƙara nitsawa sai ga jar marmara mai taurin dutse. Sai da muka kwashe kusan kamu guda na sama, aka kawo wata ƙasar a baro daga bayan gari, sannan wurin ya shuku. A buhu babu wannan wahalar, domin ke ce mai haɗa ƙasar tun farko. Ni haɗina shi ne kashi biyu na baƙar ƙasar gona, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa da aka babbake. Takin awaki da tumaki ya fi sauƙin sha'ani. Kashin kaji na gidan gona yana da ƙarfi, amma ɗanyensa wuta ne, zai ƙone miki dashe cikin kwana biyu. Ki tara shi a gefe, ki riƙa yayyafa masa ruwa kina juyawa har wata biyu ko uku. In kin cusa hannu kin ji ba ɗumi, kin shinshina kin ji ƙamshin ƙasar ruwan farko, to ya nuna. Gwazarmar da za ki gani a ciki ki tsince ki watsa wa kaji.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne ruwa, kuma tunda kin ce saye kike, nan nake so ki fi tsayawa.

Mutane kan ce buhu ya fi tattalin ruwa. Gaskiya ne ta fuska ɗaya: duk abin da kika zuba a gindin shukar yake tsayawa, ba ya malala zuwa inda ba a bukata. Amma buhu ba shi da ajiya. Ƙasar cikinsa bokiti biyu ce zuwa uku, rana tana dukanta ta sama, tana dukanta ta gefe, siminti kuma yana gasa ta ta ƙasa. A hunturu ban-ruwa sau ɗaya da safe ya wadatar. Da zarar Maris ya shiga, a Afrilu kuwa da zafin Kano kan haura digiri 40, sai kin ba su safe da yamma, kuma ko hakan da azahar za ki ga ganye ya yi laƙwas. A lissafina, jarka ɗaya mai lita 25 takan riƙe mini buhuna goma a yini idan tumatir ya girma ya fara 'ya'ya. Ki lissafa wannan da kuɗin jarka a unguwarku kafin ki jera buhu talatin don sha'awa.

Fangali kuwa yakan sha ruwa da yawa a zubin farko, har ki ji haushi, amma yana riƙewa. Saiwa tana bin danshi ta nitsa ƙasa, inda rana ba ta kaiwa. In kin lulluɓe samansa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, kina iya tsallake kwana biyu ba abin da zai faru. Na taɓa tafiya biki kwana uku, na bar wa yara sallahun ban-ruwa, suka shiga sabgar ƙwallo suka manta. Da na dawo, alayyahun fangali yana nan tsaye abinsa. Tumatirin buhu guda takwas kuwa, biyar sun tafi, ukun da suka farfaɗo kuma duk 'ya'yan da suka yi bayan nan gindinsu baƙi ne, ya lotsa kamar an ɗora masa guga. Na ɗauka cuta ce, har na fara neman magani, ashe ban-ruwan yau-akwai-gobe-babu ne ke jawo shi: sinadarin kalsiyam ba ya isa ga ɗan tumatirin idan ƙasa tana bushewa tana jiƙa ba tsari. Wannan matsalar ta fi yawa a buhu nesa ba kusa ba.

Akwai dabarar rage kashin ruwa da ta shafi duka biyun. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na wankin kayan miya duk na lambu ne, ki ajiye musu bokiti guda a bakin rariya. Ruwan omo da na bilic kada ya kusanci buhu ko kaɗan. Fangali zai iya shanye kuskure ɗaya ko biyu, amma a buhu gishirin sabulun taruwa yake ba shi da wurin zuwa, sai ki ga farin abu ya fito a saman ƙasar, bakin ganye ya fara ƙonewa.

Haka zancen yake ga takin zamani. A buhu kaɗan ake sawa, a kai a kai, domin ban-ruwa yana wanke shi ya fita ta hujin ƙasa. Cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15-15-15 ya ishi gindi guda, a binne shi nesa da kara kamar tsawon yatsa, a bi da ruwa. Wannan awon na murfin kwalba ba ƙirƙirata ba ce, shi ne abin da masu binciken cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka yaɗa wa manoman gero, kimanin giram 6 a kowane rami. Yuriya kuwa, mai kashi 46 cikin ɗari na naitirojin, ki bar wa alayyahu. In kika ɗura wa tumatir ita, ganye zai yi ta yi kamar kurmi, ki yi ta leƙen fure ba ki gani.

Yanzu ga abin da masu tallar lambun gida ba su cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi damuna da wannan zirin naki: katanga. Fangalina na farko a jikin bangon ɗaki na yi shi, don nan ne kaɗai ƙasa take. Wata huɗu ina kwarara ruwa. Wata rana na janye kwaba don shara, sai na ga bangon daga ciki ya yi jirwaye har gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, filasta tana zubowa gari-gari in an taɓa. Bulo yana tsotsar danshi ya hau da shi sama, musamman a ginin da ba a sa masa abin tare danshi a tushe ba, kuma gidajen haya da yawa haka suke. Mai gidan da ya zo ya gani bai ɗaga murya ba, ya dai ce, "Hajiya, noma kika zo yi ko zama?" Kuɗin siminti da na fenti daga aljihuna suka fita, kuma sun ninka kuɗin duk alayyahun da na ci a shekarar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idan ginin ƙasa ne abin ya fi haka muni, don tushen ne kansa zai jiƙe.

Saboda haka ki duba wace katanga ce. In ta zagayen gida ce, ba ɗaki a bayanta, da sauƙi, sai ki bar tazarar kamu guda tsakaninta da inda ruwa zai kwanta. In bangon ɗakin girkin ne ko na maƙwabta, zirin mai taku biyu ba zai ba ki tazarar da za ta kare bangon ba. Ki kuma ɗaga kai ki ga inda indararo yake zuba. Ruwan Agusta in ya sauko daga kwano kai tsaye kan fangali, dare ɗaya zai tone shi.

Shi ma buhu ba waliyyi ba ne a wajen ɓata gida. In kin ɗora shi kai tsaye a kan siminti zai bar tabon laka da gansakuka, kuma ƙarƙashinsa mai sanyi masaukin kunama ne da kyankyasai. Ki ɗora kowanne a kan bulo biyu ko guntun katako, iska ta riƙa wucewa, tsintsiya ma ta samu hanya. Sannan buhun kansa ba ya daɗewa. Na shinkafa ko na taki mai kilo 50 rana takan cinye shi cikin 'yan watanni, ya zama in kin kama bakinsa za ki ja sai ya yage a hannunki, ƙasa ta zube. Ki zaɓi wurinsa tun kafin ki cika shi, ki naɗe bakin zuwa rabi, ki huda gindin wuri biyar ko shida da wuƙa. Wasu sun fi son tsohuwar taya. Ni ba na so, ruwa yana kwanciya a cikin kuncinta, sauro ya samu gidan haihuwa.

Ta wajen ƙwari kusan kunnen doki ne. Buhu yana kare ki daga gara da kuma wata tsutsa da ido ba ya gani, wadda ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu, shukar ta tsumbure. In ta shiga fangali fitar da ita aiki ne, a buhu kuwa zubar da ƙasar kawai za ki yi. Amma duk abin da ke tashi sama bai san bambanci ba. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano, Jigawa da Kaduna a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ƙaramin malam-buɗe-littafi ne ke saka ƙwanta a ganye, kuma zai iske ki ko a saman bene kike. Ki riƙa duba ganye, wanda kika ga an yi masa farin zane daga ciki ki tsinke ki ƙone. Ruwan ganyen darbejiya da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya yana rage ƙananan ƙwari. Kaji da awaki kuwa sai shinge, ko tsohon gidan sauro.

To me ya dace da me? Attaruhu ɗan buhu ne na gaske, gindi ɗaya a buhu ɗaya, kuma in kin kula da shi zai wuce shekara yana ba ki. Tumatir ma gindi ɗaya, da sanda a ɗaure shi. Irin da ake kira UTC da Roma gajeru ne, sun fi zama a buhu. Na'ana'a ma ki tsare ta a buhu ko tsohuwar roba, don in ta samu ƙasa mamaye wurin take. Alayyahu, yakuwa da rama sun fi son fili. A buhu abin da za ki yanka bai kai miya ɗaya ba, alhali a fangali cikin sati uku zuwa huɗu kin fara yanka, ya sake tohowa. Zogale itace ne, saiwarsa doguwa ce mai son nitsawa. Zai rayu a buhu amma a tsumbure. A ƙasa, in ya kafu, ba ya neman ruwan kirki, kuma wannan ne ya sa ya dace da wurin da kike tsoron jiƙa bango. Ki datse kansa in ya kai ƙugu don ya yi rassa, kada ya miƙe ya fi ƙarfin hannunki.

Da ni ce ke, ga yadda zan raba. Zirin nan in sa masa zogale gindi biyu, can gaban zirin ba jikin bango ba. In katangar zagaye ce, in watsa alayyahu a tsakaninsu da damina kaɗai, lokacin da sama ke ban-ruwa kyauta. A kan simintin in fara da buhu shida, uku attaruhu uku tumatir, a inda rana ke samu tun safe har azahar, inuwa ta rufe su da la'asar. Shida za su ci rabin jarka da 'yar ɗoriya a yini, ba zai taɓa kuɗin cefane ba. Ranar da mai gida ya ce yana son gidansa, attaruhunki sai ki juye su a tsofaffin bokitai su hau kura tare da katifa.

Lokaci kuma ki kiyaye shi, don ya fi zaɓin buhu ko fangali tasiri a kan tumatir. Ki yi renon iri a Oktoba cikin wata tsohuwar roba, ki dasa bayan sati uku zuwa huɗu, da yamma, ki sami hunturu gaba ɗaya. Janairu da Fabrairu kina tsinka. Wanda aka dasa a Maris fure zai yi ta yi yana kakkaɓewa saboda zafi, ko a buhu yake ko a ƙasa. In yanzu bazara ce a wajenki, fara tara takin tukuna, ki kuma roƙi mai shagon unguwarku ya riƙa ajiye miki buhunan shinkafa.