GARGAƊI: Mai koyar da sabulun ruwa a WhatsApp ta cinye mini naira 64,500

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Raina a ɓace yake, in kun ga magana ta hau kan magana ku yi mini uzuri. Akwai wata mata da take tallar ajin haɗa sabulun ruwa a Facebook, in kin yi mata magana sai ta ja ki cikin guruf ɗinta na WhatsApp. Ta ce a Kaduna take, tana koyarwa, tana kuma sayar da kayan haɗin. Ta cinye mini naira 64,500. Rajista 3,000 kowane mutum, mu biyu, kayan haɗi 27,000 kashi biyu, kuɗin mota 4,500. Ku lissafa, 64,500 ne cif. Kuma 30,000 a ciki ba tawa ba ce, ta ƙanwar maigidana ce, ni na yi mata tallar abin, ni na ce Anti ki kawo mu haɗa, na san matar.

Ni ba kasuwanci ma na nufa ba tun farko. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma. 'Yar robar sabulun wanke hannu ta kanti, a gidan da ke da yara, kafin ki juya ta ƙare. Na ce bari in koyi haɗawa, in cika jarka mai lita 25 in ajiye a huta. Wannan shi ne kwaɗayin da wasu ke cewa na yi?

Kada wadda ta ce mini ban bincika ba. Na bincika. Na ce ta kira ni ta bidiyo, ta kira. Da idona na ga bokiti cike da sabulu kore, ta ɗebo da ludayi ta ɗaga, yana zubowa da kauri bai tsinke ba. Na gwada ta da tambaya, na ce me ake fara zubawa? Ta ce Nitrosol ake fara barbaɗawa a ruwa ana juyawa har ya yi kauri, kostik soda da soda ash kowanne a jiƙa shi daban, salfonik a haɗa shi da Texapon mai sa kumfa, kala da turare su zo ƙarshe. Ta ce kostik ake zubawa a ruwa, ba ruwa a kansa ba, kuma a roba, ban da tukunyar alminiyam. Duk gaskiya ne, daga baya an tabbatar mini. Ta san aikin. Wanda ya san aiki haka, ta ina za ki gane ɓarawo ne?

Sai muryar da ta turo. Har yanzu tana wayata, na kasa gogewa, sai in kunna in sake kunnawa. "Hajiya wallahi tallahi ni ma uwa ce, ba zan ci haƙƙinki in ciyar da 'ya'yana ba." Ni ma uwa ce. Ana jin kukan jariri a bayanta. A kan wannan kalmar na tura 54,000 a take, ko tashi daga inda nake zaune ban yi ba. Ta rantse da Allah. Ni aka tarbiyyantar da ni in Musulmi ya rantse a yarda da shi, kuma ba zan ji kunyar wannan ba. Kunyar da nake ji ta Anti ce.

Kayan sun zo, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. A'a, kafin nan sai da ta ce direba ya ƙi ɗauka sai an biya, shi ne 4,500 ɗin, kuma wata lambar asusu ta bayar mai sunan namiji, ta ce ƙaninta ne. Ta farkon sunan mace ce, ya yi daidai da sunan da take amfani da shi, na duba. Yarona ya je tashar Unguwa Uku ya karɓo kwali an naɗe shi da salatif, kowace leda da rubutun maka a jiki.

Na sa safar hannu, na kori yara waje, na zuba abin da aka rubuta wa kostik a ruwa. Ita da bakinta ta ce robar za ta ɗau zafi. Na dafa gefen robar, sanyi ƙalau. Na ƙara juyawa, shiru. Nitrosol ɗin kuma ya kwanta a ƙasan bokiti, ruwan ya yi fari kamar an dama gasara, kauri babu. Salfonik da ya kamata ya zo da duhu da danƙo, ruwa ne tsululu mai kala. Duk da haka na haɗa, na ce ƙila sai ya kwana. Da ya kwana biyu sai tsami, bokitin har da kumfar ruɓa a sama. Anti tana tsaye a kaina lokacin da na buɗe murfin. Ba ta ce komai ba. Da ma ta zage ni.

Na manta ban faɗa ba, tun daren da kwalin ya iso ta rufe guruf ɗin, ita kaɗai ke iya rubutu. Na tura mata hoton bokitin, ta ce hannuna ne, wai na zuba ruwa da yawa, in turo 8,000 ta aiko da maganin gyara. Na ce ta mayar mini da 64,500 ɗina. Ta karanta. Hotonta ya ɓace. Layin a kashe har yau.

Ragowar ledojin na kwasa na kai Sabon Gari wajen masu sayar da kemikal. Wani dattijo ya murza garin a yatsa, ya ce Hajiya wannan sitaci ne, wancan gishiri ne. Gishiri! Gishiri da sitaci na saya 27,000, sau biyu. Shi ne ya ce mini in don wanke hannu ne kawai ba sai da kostik da salfonik ba, waɗannan sun fi dacewa da na wanke-wanke da goge ƙasa. Texapon, gishiri kaɗan don kauri, gilisarin saboda kada fata ta bushe, maganin hana lalacewa, kala da turare, sun wadatar. Ya ce in guji fomalin, wani maganin hana lalacewa, a abin da yara za su riƙa shafawa a hannu. Da ya faɗi kuɗin, ban iya amsa masa ba.

Na kai ƙorafi banki, na cike takarda, kuma zan kai EFCC. Hotunan hirarmu, rasit uku da muryar rantsuwar duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin matan da ba ruwansu. Ba ƙazafi nake yi ba.

Kada ki tura kuɗin kemikal wa wanda ba ki ga shagonsa ba. Ki je kasuwa, ki sayi kaɗan, ki gwada. In lambar asusu ta canza a tsakiyar ciniki, ki tsaya. Wadda take cikin guruf ɗin kuma ta biya, ta yi mini magana mu haɗa rasit ɗinmu mu kai tare, don na tabbata ba ni kaɗai ba ce. Ita kuwa ban yafe ba, 64,500 ɗina da 30,000 ɗin Anti da ke ciki wadda zan biya daga adashina, Allah ya isa.