Tayin gida: ta hannun dillali ko kai tsaye wajen mai gida?

Masu shirin sayen gidansu na farko sun sha tambaya: a bi ta dillali, ko a nufi mai gida kai tsaye?

Ta fuskar kuɗi, dillali zai karɓi la'ada, galibi kashi 5 cikin 100, kuma yawan kuɗin gida shi ne yawan rabonsa. Don haka kada ka faɗa masa iyakar abin da ke aljihunka. Wani ma sai ya ɗora nasa kan farashin da aka sallama, musamman in dillalai sun kai uku a ciniki ɗaya. Ka nemi a zaunar da kai da mai gidan kafin ka ba da kafin alƙalami.

Amma dillali ya san yadda aka sayar da gidajen layin, kuma zai kai wa mai gida tayi mai rahusa ba tare da an ɓata ba. Gaba da gaba kunya takan hana ka neman ragi.

Haɗari kuwa ɗaya ne. Ko ta ina ka bi, lauya ya duba takardun mallaka, a Kano a bincika a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar. In gidan gado ne, duk magada su sa hannu.

Baƙon unguwa ya fi dacewa da dillali. Wanda ya san mai gidan da farashin wurin, kai tsaye ya fi masa sauƙi.