Laburaren da ke cikin aljihuna

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ka tambaye ni abin da ya fi burge ni a Ingila. Wallahi laburaren unguwa ne.

Ka tuna yadda muka saba: mutum ya yi tattaki, ya jawo akwatin kati yana laluben sunan marubuci, ya je kanta ya tarar wayam, kuma babu mai iya faɗa masa hannun wa littafin yake. A nan kundin gaba ɗaya yana intanet. Ina kwance zan rubuta sunan littafi a waya, a nuna mini reshen da yake, kwafi nawa ne, an ara ko ba a ara ba, da ranar dawo da shi. In an riga ni sai in shiga layi, ranar da ya iso saƙo ya shigo mini. Aron ma kyauta ne, wata doka ta 1964 ce ta ɗora wa hukumomin yanki wannan nauyi. Lambobin jikin littattafan kuwa tsarin Dewey ne na 1876 da ka sani, hanyar nema ce kawai ta sauya.

In littafi ya gagara, akwai WorldCat, kundin da ya haɗa dubban laburare na duniya. Don tsokana na nemi littattafan Hausa a ciki, sai ga su jibge a SOAS, jami'ar nazarin Afirka da Asiya ta Landan, da jami'o'in Amurka. Har na ɗan ji kishi.

Laburaren nan kuma suna yin fodkas, wato shirin sauti da ake saukewa a waya: hira da marubuta, ko ma'aikatan laburare suna ba da shawarar abin karantawa. Wasu shirye-shiryen surutu ya yi musu yawa, gaskiya. Amma suna yi mini rana a hanyar aiki, don sau da yawa a nan nake jin sunan littafi, kafin in sauka daga bas na riga na kama layinsa. Littattafan sauraro kuma ta manhajar BorrowBox nake ara, wa'adi na cika su koma da kansu.

Ba a rasa cikas ba. A Oktoban 2023 masu kutse sun afka wa British Library, babban laburaren ƙasar, kundinsu ya yi watanni a rufe, masu bincike suka rasa tudun dafawa.

Turo mini sunayen littattafan nan da ka daɗe kana cigiya, in duba maka inda suke.